Turakun Raga, Mudun Filin Ƙwallo

Laccar da aka gabatar a Kano a gaban matasa masu koyon alƙalancin wasa, da masu horar da ƙungiyoyin unguwanni, da malaman wasanni na makarantu

 

Mai girma shugaban taro, ranka ya daɗe mai unguwa da ka ba mu wurin zama, iyayena dattawa da kuka buga tamaula tun kafin a haifi yawancin waɗanda ke cikin ɗakin nan, 'yan'uwana malaman wasanni, ƙannena da 'ya'yana masu koyon riƙon usur, barkanmu da warhaka.  

Maganata a yau a kan turakun raga take: sanduna biyu a tsaye, ɗaya a gicciye a kansu. Yaron da ya kawo mini takardar gayyata, da ya ji abin da na zaɓa, sai ya ce, "Baba, ƙarfen nan guda uku? Me ke cikinsu da zai cika lacca?" Ban ga laifinsa ba. Mun saba kallon ɗan wasa, mu kalli ƙwallo, mu kalli alƙali idan ya yi kuskure, amma ba mu cika ɗaga ido mu dubi abin da dukan mutum 22 ke gudu dominsa ba. Abin da na zo in faɗa muku shi ne, turakun nan mudu ne. Yadda ake auna gero da kwano a kasuwar Dawanau, haka ake auna wahalar minti 90 da su. Duk wanda ya kafa su ko ya duba su kafin wasa, amanar awo aka damƙa masa. Zan bi maganar a gaɓa shida.

Gaɓa ta farko: sunan da muka ba abin.

Ku lura da kalmomin da Bahaushe ya zaɓa da wasan nan ya iso masa. Sandar da ke tsaye ya kira ta turke. Turke kuwa a asali gungumen da ake kafewa a ƙasa ne a ɗaure doki ko rago. Amfaninsa duka a rashin motsinsa yake, domin turken da ke bin doki duk inda ya ja shi bai amsa sunansa ba. Wurin da ke tsakanin turakun nan kuma ya kira shi gida. Shi ya sa muke cewa mai tsaron gida, muke cewa satar gida, muke cewa bugun daga kai sai mai tsaron gida. Gida yana da ƙofa, ƙofa kuma tana da iyaka: ko kana ciki ko kana waje.

Kafin ƙwallon Turawa ta zo, ba mu rasa wannan tunani ba. Wanda ya yi langa a dandali da farin wata ya san ba a fara ɗingishi sai an tsayar da wurin sha, kowa ya gani, kowa ya yarda. A kokawa ƙasa ce ke yanke hukunci, duk wanda ya kai mata, magana ta ƙare. Wasa ba ya zama wasa sai ɓangarori biyu sun amince da wani abu ɗaya da ba ya goyon bayan kowa. Haka yaranmu ke yi a lungu har gobe: a ajiye dutse nan, a ajiye takalmi can, a auna tsakaninsu da taku, sannan a tafi ɗaya gefen a auna daidai wannan takun. Wa ya koya musu cewa dole gidajen biyu su zo ɗaya? Ba wanda ya koya musu. Yaro ɗan shekara bakwai ya san in gidanka ya fi nawa ƙanƙanta, ka cuce ni tun ba a take ƙwallo ba.

Wani tsohon ɗalibina da neman abinci ya kai shi Tamanhint, kusa da Sabha a kudancin Libiya, ya taɓa turo mini hoton inda suke buga ƙwallo da yamma bayan an tashi aiki: itace biyu a kafe cikin rairayi, an ɗaura igiya a sama. Hausawan Najeriya, da na Nijar, da 'yan ƙasa, kowa da harshensa, amma ba mai neman tafinta ya faɗa masa inda gida yake.

Gaɓa ta biyu: yadda aka yi suka zama uku.

A watan Oktoba na 1863 ne wakilan wasu ƙungiyoyi suka zauna a Landan suka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, kafin shekarar ta fita kuma suka rubuta dokokin wasa. A wannan doka ta farko, gida turke biyu ne kawai, tsakaninsu yadi 8. Ba sanda a sama, ba raga. Ƙwallo in ta bi ta tsakanin turakun, ko da ta yi sama kamar shirwa, an ci. Ku da kuka yi alƙalanci a unguwa kun riga kun san abin da zai biyo baya. Wannan ya ce ta tsakiya ta bi, wancan ya ce ta waje ta bi, kowa na nuna sararin sama da yatsa.

A 1866 sai aka ɗaura kirtani mai faɗi daga wannan turke zuwa wancan, a tsawon ƙafa 8 daga ƙasa. Rigima ta ragu amma ba ta ƙare ba, domin kirtani yana lanƙwasa, iska tana kaɗa shi, mai tsaron gida yana iya janyo shi. A 1875 aka yarda a sa sanda mai ƙarfi, a 1882 aka wajabta ta. Raga ita ce auta. Wani injiniya a birnin Liverpool mai suna John Alexander Brodie ne ya ƙirƙiro ta a 1889, aka fara amfani da ita a 1891, aka kuma sa ta a wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na Ingila a 1892.

Me wannan jeri yake nuna mana? Kowane abu da aka ƙara, gardama ce ta haife shi. Ba don ado aka sa sanda ba, ba don ado aka saƙa raga ba. Mutane sun gaji da faɗa ne, suka nemi shaidar da ba ta da ɗan'uwa a cikin 'yan wasa. Abin da ke damuna shi ne, filayenmu da yawa a yau suna nan a 1866: itace biyu da igiya. Muna sake yin faɗan da wasu suka gama da shi shekara fiye da 140 da suka wuce.

Gaɓa ta uku: awon kansa.

Littafin dokoki ya ce daga cikin wannan turke zuwa cikin wancan mita 7.32 ne, daga ƙasan sandar sama zuwa ƙasa kuma mita 2.44. Ɗalibai kan sha wuyar haddace waɗannan lambobi, su ce me ya sa ba a mai da su bakwai da rabi ko biyu da rabi ba. Dalili shi ne da yadi da ƙafa aka yi awon tun asali, daga baya aka juya shi zuwa mita. Yadi 8 ne a faɗi, ƙafa 8 a tsaye. Mu mutanen Kano kuwa, wa zai koya mana yadi alhali Kantin Kwari na garinmu?

Turmin atamfa yadi 6 ne. To faɗin gida turmi ɗaya ne da yadi biyu. Ƙaramin akwatin da ke gaban mai tsaron gida, daga cikin kowane turke ake auna yadi 6, wato turmi ɗaya cur. Ɗigon fenareti yadi 12 ne daga tsakiyar turakun, turmi biyu ke nan. Babban akwatin da muke kira sha takwas kuwa, daga cikin kowane turke ake auna yadi 18, turmi uku. Wanda ya riƙe wannan ba zai ƙara mantawa ba.

Amma ku dubi abin da ke ƙarƙashin wannan lissafi. Duk zanen da ke bakin gida daga turke ake ɗauko shi. In ka kafa turke a karkace, akwatin yadi 6 ya karkace, sha takwas ya karkace, ɗigon fenareti ya kauce daga tsakiya. Kuskure ɗaya ya haifi uku. Kofuna nawa aka raba a kan wannan ɗigon? A 1982 Libiya ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin Afirka, ta kai wasan ƙarshe a Tarabulus, Ghana ta doke ta a bugun fenareti. A 2014 a Afirka ta Kudu, a gasar 'yan wasan da ke buga wa ƙungiyoyin cikin gida, suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe, Libiya ta rama a bugun fenareti. Mu nan gida, Kano Pillars ta ɗauki kofin ƙalubale na 2019 a filin Ahmadu Bello na Kaduna bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenareti. Gumin shekara guda ya koma kan turmi biyu na atamfa. Ashe wanda ya auna wannan tazara ba ƙaramin aiki ya yi ba.

Dokar ta ƙara da cewa kaurin turke da na sandar sama kada ya wuce santimita 12, su zama kauri ɗaya, layin gida ma faɗinsa ya zo daidai da nasu, kuma a shafe su da farin fenti. Sannan ba a ci ba sai ƙwallo gaba ɗayanta ta tsallake layin gaba ɗayansa, ta tsakanin turaku, ta ƙarƙashin sanda. Rabi ba ci ba ne. Kashi tara cikin goma ma ba ci ba ne.

Kada wani ya ce santimita kaɗan ba komai ba ne. A watan Satumba na 2020, Tottenham ta je Skopje a Masedoniya ta Arewa buga wasan kofin Turai da ƙungiyar Shkendija. Masu tsaron gidanta na motsa jiki sai suka ji a jikinsu cewa sandar ta yi ƙasa. Kocinsu, Jose Mourinho, ya sa aka kawo abin awo, aka tarar ta gaza da kimanin santimita 5, aka gyara kafin a fara. A Suwidin kuma, a 2009, kyamara ta kama mai tsaron gidan IFK Goteborg, Kim Christensen, yana tura turakun gidansa ciki da ƙafa kafin a take wasa. Malamanmu sun karantar da mu hukuncin mai tauye mudu tun muna makarantar allo. Wannan ma tauye mudu ne, sai dai ba a kasuwar hatsi aka yi shi ba.

Gaɓa ta huɗu: lokacin da turke ke yanke hukunci, da lokacin da ido ke gazawa.

Nan ne labarai suka fi yawa, kuma zan ɗan zauna a kansu.

Ranar 2 ga Yuli 2010, a Johannesburg. Ghana da Uruguay, wasan kusa da na kusa da ƙarshe na kofin duniya, kunnen doki 1 da 1, ƙarin lokaci ya zo ƙarshe. Luis Suarez na Uruguay ya sa hannu ya tare ƙwallon da ke shiga, aka ba shi jan kati, aka ba Ghana fenareti. Asamoah Gyan ya buga, ta daki sandar sama ta yi waje. Na tuna gidan kallon da nake zaune a daren, mutum fiye da ɗari, amma sai ka ji ƙarar fanka. Da ta sauko da faɗin tafin hannu, da Ghana ce ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan kusa da ƙarshe, abin da sai a 2022 Maroko ta yi. Mun yi baƙin ciki, mun yi fushi da Suarez, amma akwai wanda ya zargi sandar da son kai? Babu. Tana inda doka ta ajiye ta, ƙafa 8 ga Ghana, ƙafa 8 ga Uruguay.

Har siffar turke tana da tasiri. Doka ta yarda ya zama mai kusurwa huɗu, ko zagayayye, ko mai siffar ƙwai. A 1976, a filin Hampden na Glasgow, ƙungiyar Saint-Etienne ta Faransa ta kara da Bayern Munich a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai. Sau biyu ƙwallonsu na dukan sandar sama, wadda take mai kusurwa huɗu, tana dawowa fili. Bayern ta ci 1 da nema. Magoya bayan Saint-Etienne sun tsaya a kan cewa da sandar zagayayya ce da ƙwallon ta zame ta faɗa ciki. Abin bai bar zukatansu ba, har a 2013 ƙungiyar ta sayi waɗannan turaku ta kai su gidan tarihinta.

Wani lokaci kuma turke ya yi aikinsa, idon ɗan Adam ne ke gazawa. A wasan ƙarshe na kofin duniya na 1966 a Wembley, Geoff Hurst na Ingila ya buga, ƙwallo ta daki ƙasan sandar sama, ta dira ƙasa, ta fito. Alƙali ya tambayi mai tuta, Tofiq Bahramov, ya ce ta shiga. Ingila ta doke Jamus ta Yamma 4 da 2, Jamusawa kuma har yau ba su yarda ba. Bayan shekara 44, a Bloemfontein, Frank Lampard na Ingila ya buga irin wannan ƙwallo a gidan Jamus. Wannan karon ta tsallake layi sarai, duniya duka ta gani a talabijin, alƙali da mai tuta ne kaɗai ba su gani ba. Wannan kuskure ne ya karya taurin kan masu dokokin wasa. A 2012 suka amince da na'urar da ke tantance tsallake layi, wadda ke aika saƙo zuwa agogon hannun alƙali cikin daƙiƙa guda, aka kuma yi amfani da ita a kofin duniya na 2014 a Brazil.

Mu ba mu da wannan na'ura a filayen unguwanni, kuma ba na jin za mu same ta nan kusa. Abin da muke da shi shi ne layi mai fitowa sosai, da mai tuta da ya tsaya daidai wurinsa, da raga. Ku sani, littafin dokoki bai wajabta raga ba, cewa ya yi ana iya ɗaura ta, ka'idojin gasa ne ke tilasta ta. Amma ni ina gaya muku, kada ku yarda ku busa wasan kofi babu ita. Ina matashi na yi alƙalancin wasan ƙarshe tsakanin wasu unguwanni biyu, babu raga, 'yan kallo sun yi dafifi har bayan gida. Saura minti kaɗan aka yi wani bugu mai ƙarfi ta jikin turke, ƙwallo ta faɗa cikin jama'a. Ta ciki ta bi ko ta waje? Wallahi har yau ban sani ba. Na ba da ci. Kafin magariba an fasa wa wani yaro kai da dutse, unguwannin nan kuma suka yi shekaru ba sa haɗuwa a fili. Ragar da za ta hana wannan, kuɗinta bai kai na ɗinkin kan yaron ba.

Ragar ma sai an duba ta. A watan Oktoba na 2013 a Jamus, Stefan Kiessling na Leverkusen ya sa kai, ƙwallo ta bi ta wajen turke, ta sami huda a gefen raga, ta shige ciki. Alƙali ya ga ƙwallo a raga ya ba da ci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In haka ta faru a babbar gasar Jamus, me kuke tsammani a ragar da ta sha rana da ruwa shekara uku?

Ban so in bar wannan gaɓa a kan rigima kaɗai. Ranar 21 ga Yuni 1994, a Dallas ta Amurka, Finidi George ya miƙo ƙwallo, Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, ya tura ta gidan Bulgeriya. Ita ce ƙwallon Najeriya ta farko a kofin duniya. Bai ruga wajen 'yan kallo ba. Cikin gidan ya shige, ya cusa hannuwansa a raga, ya damƙe ta yana jijjigawa yana kuka. Allah ya jiƙansa. Duk wanda ya ga wannan hoto ya san abin da wurin nan yake nufi ga ɗan wasa.

Gaɓa ta biyar: sauran wasanni, a taƙaice.

A ƙwallon hannu gida mita 3 ne a faɗi, mita 2 a tsaye. A hoki mita 3.66 da mita 2.14. A zari-ruga kuwa ta saman sanda ake so ƙwallo ta bi, ba ta ƙasa ba. Wanda ya fi kusa da mu shi ne ƙwallon dawaki, wato folo, wadda Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya raya a ƙasarsa a shekarun 1920, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya shahara a kanta har ƙetare. A folo ma tsakanin turaku yadi 8 ne, amma babu sanda a sama, duk tsawon da ƙwallo ta yi in ta bi tsakani an ci, shi ya sa ake tsayar da mai tuta a bayan gida. Turakun kuma da gangan ake yin su marasa nauyi, yadda in doki ya banke su a guje za su faɗi ko su karye, doki da mahayi su tsira. A birnin Isfahan na Iran, turakun folo na dutse tun zamanin Shah Abbas suna nan tsaye a babban dandalin garin, shekara wajen 400. Masu folo na yau sun bar dutse saboda sun fifita rai a kan turke. Ku riƙe wannan, domin shi zai kai mu gaɓa ta ƙarshe.

Gaɓa ta shida: filayenmu.

A filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, inda aka buga wasannin kofin duniya na matasa a 1999, da na kofin Afirka a 2000, da na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, awo daidai yake, domin masu duba fili na duniya ba sa ɗaga ƙafa. Amma Ahmed Musa da ya ci wa Pillars ƙwallo 18 a kaka ɗaya, ya je ya zura wa Ajantina biyu a 2014, ya zura wa Iceland biyu a 2018, da shi da ire-irensa ba a babban fili suke fara koyo ba. A filin makaranta da filin unguwa ake fara sanin inda kusurwar gida take. To wane mudu muke ba yaranmu a can?

Na yi shekaru ina yawo da tef ɗin awo a aljihu, ga abin da na sha gani. Bututun ƙarfe a kasuwa galibi tsawonsa bai wuce mita 6 ba, sandar sama kuwa tana bukatar fiye da mita 7. Mai walda, in ba a yi masa bayani ba, ko dai ya bar ta a mita 6 gida ya tsuke, ko ya yi ƙari a tsakiya, bayan damina biyu ta sunkuyo kamar bayan tsohon jaki. Ku ce masa ya zura wani guntun bututu a ciki inda ya haɗa, ya kuma kawar da mahaɗar daga tsakiya. Na biyu, ƙasar bakin gida. Mai tsaron gida na tsaye wuri ɗaya kullum, ƙafarsa na haƙa, ruwan sama na kwashe ƙasa, sai ka tarar tsakiya ta yi rami, tsawo ya ƙaru da taƙi guda, ɗaya gidan kuma iska ta tara masa rairayi ya rage. Gida biyu a fili ɗaya, kowanne da awonsa. A cike ramin, a daddaɓe, sannan a auna a wuri uku: jikin kowane turke da tsakiya. In kuna so ku san ko gidan ya miƙe, ku ja igiya daga gindin wannan turke zuwa kan wancan, ku sake ja ta ɗaya ɓangaren. Kowace ta ba ku kimanin mita 7.72. In sun saɓa, gidan ya karkace.

Inda ba kuɗin ƙarfe, itacen turare ko darbejiya ya wadatar, in an shafe gindinsa da baƙin mai saboda gara, an kuma kankare duk wani tsini da ƙusa. Talauci bai hana awo daidai ba. Tef ɗin awo ɗaya ya ishi unguwa guda.

Sai maganar ƙanana. Me ya sa muke tsayar da yaro ɗan shekara tara a gidan manya? Ko ya yi tsalle hannunsa ba zai kai sanda ba. Abokansa sai su koyi ɗaga ƙwallo sama kawai, don sun san ba zai kamo ba, shi kuma ya tsani tsaron gida tun yana ƙarami. A Ingila, yara 'yan ƙasa da shekara 10 gidansu ƙafa 12 ne a faɗi, ƙafa 6 a tsaye, ana ƙara masa girma yadda suke girma. Muna kukan ƙarancin masu tsaron gida nagari, alhali mu ne muke korar su da hannunmu.

Yanzu ga wadda ta fi kowace nauyi a zuciyata. Doka ta ce dole a kafe gida a ƙasa ƙam, ko da irin na ɗauka-ka-ajiye ne. In sandar sama ta karye a tsayar da wasa, kuma ba a yarda a maye gurbinta da igiya ba, in ta ƙi gyaruwa a tashi wasan. Ko a filin Real Madrid, a 1998, da gida ya faɗi kafin wasansu da Dortmund, sai da aka jira fiye da awa guda aka kawo wani. A wata makaranta da na koyar, muna da gidan ƙarfe mai nauyi da ba a binne gindinsa ba, an dai tokare shi da duwatsu. Ran nan an tashi tara, yara suka ɗare sandar sama suna lilo. Ya kifo a kan wani yaro ɗan aji uku, ya karya masa cinya. Ni na ɗauke shi zuwa asibiti, ni na tsaya gaban mahaifinsa. Dattijon bai ɗaga murya ba, tambaya ɗaya ya yi mini: "Malam, ba wanda ya san ƙarfen nan zai iya faɗuwa?" Mun sani. Kullum muna cewa gobe za a sa siminti. Malaman wasanni, don Allah, in kun koma gobe, ku kama turken makarantarku ku girgiza shi da hannu biyu. In ya motsa, ku kwantar da shi ƙasa har sai an samo buhun siminti. Ku duba gindinsa kuma, domin daga nan tsatsa ke cin ƙarfe, fenti na rufe ta a sama.

Ranka ya daɗe mai unguwa, wannan ta ƙarshe taka ce da sauran iyayen ƙasa. Turaku a tsaye su ne shaidar cewa fili yana da masu shi. Na ga filaye da yawa a garin nan da suka fara mutuwa daga ranar da ɓata-gari suka yanke ƙarfen da dare suka kai wa masu sayen tsofaffin ƙarafa. Yara suka daina zuwa, aka fara zubar da shara, bayan shekara biyu sai ga masu awon igiya, sai ga harsashin gini. Muna roƙo a sa ido, duk filin da aka sace wa turke a mayar masa da wani cikin makon, ko da na itace ne.

Ku kuma masu koyon alƙalanci, ku riƙa isa fili da awa guda kafin wasa. Ku auna gidajen biyu a gaban kyaftin ɗin kowace ƙungiya, ku bi raga da hannu ku nemi huda, ku girgiza turaku, ku tabbata layin gida ya fito, ko da toka aka zana shi. Abin da kuka tarar ku rubuta shi a rahotonku.

Nan zan dakata.   Na zo da tef ɗin awona, in an tashi wanda ke so sai mu fita filin da ke bayan ɗakin nan mu auna gidajensa tare. Kafin nan, mai tambaya ko gyara ko ƙarin bayani, bismillah, ya ɗaga hannu.